Abin da Mesiye Zakari Ya Sha

Malam Zakariya'u, wanda duk unguwar New Bell ke kira Mesiye Zakari, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wani ofishin fiton kaya da ke kusa da tashar jiragen ruwa ta Douala. Da ya yi ritaya sai ya rataye kwat da kiravat ɗin wuya, ya koma manyan riguna irin na kakansa, wanda fataucin goro ya kawo garin ya zauna. Abu biyu ne ya ƙi rabuwa da su: jaridar Faransanci da yake saya kowace safiya, da gashin bakinsa. Gashin bakin nan fari ne tas, ga kauri, har ɗan matajinsa gare shi a aljihun gaba. Matarsa Hawa'u ta sha faɗa masa cewa da rufin gidan na samun rabin kulawar da gashin bakin ke samu, da ba su jera bokitai a falo duk damina ba.

Amma babban abin cika bakinsa ita ce autarsu Raudatu, da ke karatun digirin dokta a jami'a. Aikinta a kan wata jar ciyawa ne da ke fitowa a jikin duwatsun bakin teku. Takan tafi Kribi ta tsinko ta idan ruwa ya janye, ta kawo ɗakin bincike ta niƙa, ta daskarar, ta narkar, ta tace, har sai wani ruwa ya fito mai launi tsakanin ja da hoda. Sinadarin da ke ba shi launin sunansa fikoeritirin. Sai da Mesiye Zakari ya yi ta maimaita sunan a gaban madubi kafin ya fita da shi majalisa.

Majalisar benci ce a ƙofar gidan Bakari, wani mutumin Garwa da ke sayar da albasa a kasuwar Sandaga.

"'Yata fama take da fikoeritirin," in ji Mesiye Zakari, yana murza gashin baki.

"Allah ya ba ta lafiya," in ji Bakari, don ya ɗauka sunan ciwo ne.

Wata rana da azahar Raudatu ta dawo gida a kan benskin, wato babur ɗin haya, rungume da kula a cinya, mai babur ɗin yana ta ƙorafin ƙarni. Firigon ɗakin bincikensu ne ya mutu, mai gyara kuma ya ce sai an kawo wani ƙarfe daga waje. Kowane ɗalibi ya kwashi nasa ya nemi inda zai ajiye.

To, firigon gidan na Hawa'u ne, ba na kowa ba. A ciki take sanyaya folere, zoɓon da take dafawa da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ta ɗura a kwalaben roba, masu babur da 'yan makaranta su saya. Sai da aka sha lallashi kafin ta saki layin ƙasa. Raudatu ta jera manyan kwalabe biyu naɗe da takardar azurfa, saboda haske na kashe launin, da wasu ƙanana masu ruwan ƙasa da aka manna wa jan salatif.

"Waɗannan ƙananan akwai guba a ciki, abin da muke sawa don kada su lalace," ta ce. "Ko hannu kada ya kai. Manyan kuwa ruwan gishiri ne kawai da launin, amma aikin wata da watanni ne. Don Allah, Mama."

"Ni me zan yi da ruwan ciyawa?" in ji Hawa'u. "Babanki za ki faɗa wa. Shi ke buɗe firigo ya tsaya yana kallo kamar talabijin."

Da yamma suna cin abinci, Mesiye Zakari ya yi gyaran murya, ya yi tambaya kamar wanda abin bai dame shi ba. Wai da gaske ne ruwan nan yana da alaƙa da cutar kansa, wato ciwon daji?

Raudatu ta ajiye cokali. Ba kullum take samun mai tambayarta aikinta a gida ba.

"Mukan raini ƙwayoyin kansa a cikin ɗan faranti, Papa, mu ɗiga musu shi, mu jira. Da yawa sukan daina hayayyafa, wasu su mutu. Lafiyayyun ƙwayoyi kuma bai cika taɓa su ba. Yana kuma rage wata irin tsatsa da ke cin ƙwayoyin jiki, da kumburi."

"Su mutu," in ji shi.

"A faranti. Amma faranti daban, jikin mutum daban. Kafin a kai ga mutum akwai tafiya mai..."

Ya gyaɗa kai yana taunar kifi. Tun yana ofis yake da wannan hali: idan ya ji rabin maganar da ta yi masa daɗi, sauran rabin ya bar wa mai ita.

Abin da ba wanda ya sani, a ganinsa, shi ne ya jima yana fama da fitsari. Ya zo masa a gaggauce, in ya je kuma ya tsaya ana kallon juna, sai ɗan ɗigo. A masallaci ya koma sahun baya kusa da ƙofa. Shayin da yake sha a wurin Bakari ya daina, ya ce ganyen yanzu ba irin na da ba ne. Kuma bai manta da Idirisu ba, abokin aikinsa na Bonamoussadi, wanda da haka ya fara, bai je asibiti ba sai da abu ya yi nisa, bara aka yi jana'izarsa. Duk lokacin da Mesiye Zakari ya tuna asibiti sai ya tuna yadda wuyan rigar Idirisu ya yi masa yawa a ƙarshe, sai ya buɗe jarida ya shiga shafin ƙwallo.

Washegari bayan la'asar Hawa'u ta tafi barkar haihuwa a unguwar Nylon, Raudatu tana jami'a. Ya buɗe firigo ya tsaya yana kallo. Ƙananan kwalaben ya kewaye su da hannu kamar mai wuce kare. Ya jawo babba guda, ya kware takardar, ya ɗaga ta wajen taga. Launin ya yi kyau ƙwarai, kamar abin da ake ba baƙi a gidan manya. Ya zuba a cokali, ya yi bisimilla, ya haɗiye.

Idanunsa suka kawo ruwa. Ɗanɗanon ya kai shi bakin tashar jiragen ruwa lokacin da ruwa ya janye ya bar laka da matattun kaguwa. Ya jingina da bango har abin ya wuce, sannan ya ce a ransa magani na gaskiya dama haka yake.

Kashegari ya ƙara da ƙwayar sukari. Daga cokali ya koma ɗan kofin shayi. Ya tsara abin kamar yadda ya saba tsara aikin ofis: bayan la'asar, lokacin da Hawa'u ke ƙofar gida da masu sayen folere, kofi guda, a tsaye, sannan a wanke kofin a kife. Har ya fara jin kamar da sauƙi. Tafiyarsa ta canza, ya koma taje gashin baki yana ɗan waƙa a ciki.

Matsalar ita ce kwalbar ba ta san sirri ba. Ya ɗaga ta wata rana ya ji ta yi sakayau, ta wuce rabi. Ya tsaya yana tunani, idonsa ya sauka kan layin sama, inda kwalaben matarsa ke jere, jajaye su ma. Ya ɗauki guda, ya tace ta da hankici don kada ƙurar citta ta tona shi, ya cika kwalbar 'yarsa har wuya. Launin ya yi duhu, ya ɗan gauraye, wani abu ma ya fara kwanciya a ƙasa. Ya girgiza, ya mayar da takardar azurfa, ya shafe ta da tafin hannu. Daga ranar ya koma shan ta biyun, tunda ta farkon ta zama rabi kimiyya rabi kayan Hawa'u.

Baki kuma bai iya riƙewa ba. Bai faɗi komai a majalisa ba, ya dai ce akwai abin da ke cikin firigon gidansa wanda da Turawa sun sani da sun turo jirgi. Bakari, wanda gwiwarsa ta dama ke damunsa tun wata faɗuwa da ya yi daga kan motar albasa, ya matso.

"Yana yin gwiwa?"

"Kumburi ai shi ne ƙaramin aikinsa," in ji Mesiye Zakari.

Ranar da aka gyara firigon jami'a, Raudatu ta ɗauki babbar kwalba guda da safe, ta ce sauran sai ta zo da mota. Ta farkon ta ɗauka. Farfesarta, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta zo ta tsaya a kanta don ta ga awo. Raudatu ta kware takarda, gabanta ya faɗi da ganin launin. Ta buɗe murfi. Farfesar ta sunkuya ta shaƙa, ta ɗago, ta sake sunkuyawa.

"Raudatou, depuis quand les algues sentent le gingembre?" ta ce. Wato tun yaushe ciyawar teku ta fara ƙamshin citta?

Wani ɗalibi a teburin baya ya ce shi yana jin kanumfari ma. Wata ta tambaya ko da ƙanƙara. Raudatu ba ta yi dariya ba. Ta zuba ɗan kaɗan a na'urar awo don ta tabbatar, na'urar ta nuna mata abin da hancinta ya riga ya faɗa: tsamin zoɓon ya kashe sinadarin, abin da ya rage ruwan biki ne.

Ta iso gida bayan la'asar, hadari ya haɗo ya rufe gari. Ta tarar da uwarta a ƙofa tana kwashe kwalabe kafin ruwa ya sauko.

"Mama, ko an yi kuskure ne wajen ɗura folere? Ko kin ga kwalbar ta yi ƙasa kika..."

Hawa'u ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Ni? Tun kafin a haife ki nake ɗura folere, ban taɓa zuba shi a kwalbar da ba tawa ba. In ma ƙorafi ne ni ke da shi. Kwalbata guda ta ɓace, na ɗora wa ɗan maƙwabta, har uwarsa ta daina gaishe ni."

Suka dubi juna. Daga falo aka ji ƙarar cokali yana kaɗa kofi, aka ji wani ya yi tari mai ƙarfi, aka ji muryar Mesiye Zakari ƙasa-ƙasa tana cewa, "Haɗiye, haɗiye, kada ka tsaya tunani."

Raudatu ba falon ta nufa ba. Da gudu ta shiga kicin ta durƙusa gaban firigo, ta ɗaga ƙananan kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Salatif ɗin kowace na nan yadda ta manna shi. Ta zauna a ƙasa ta sauke numfashi, ta yi hamdala. Sai da zuciyarta ta dawo daidai sannan fushi ya samu wurin shiga. Ta buɗe jakarta ta ɗauko wata ƙaramar tocila mai shuɗin haske da suke aiki da ita a ɗakin bincike.

A falo ta tarar da mahaifinta ya buɗe jarida ta rufe masa fuska duka. Bakari na gefe a kan kujera, ya ɗora hannu a gwiwa, idonsa ja, yana kallon silin kamar ya zo duba yoyo.

"Sannu da zuwa, Baba Bakari."

"Yawwa, Dokta. Ya karatu?"

"Alhamdu lillahi. Tunda na same ku tare, bari in nuna muku wani abu daga aikina. Papa kullum yana cewa ba na nuna masa."

"Wani lokaci dai," in ji jaridar.

Ta saki labule, ta kashe fitila. Da hadarin da ke waje ɗakin ya yi duhu sosai. Hawa'u ta shigo ta tsaya bakin ƙofa.

"Wannan sinadarin yana da wata baiwa," in ji Raudatu. "Idan wannan hasken ya taɓa shi sai ya yi walƙiya. Ko ɗigo ɗaya ne. Shi ya sa likitoci ke amfani da shi wajen yi wa ƙwayoyi alama."

Ta kunna tocilar ta haska tebur. Wani zobe ya bayyana a kan katako, mai launin ruwan lemo, yana ƙyalli, daidai girman gindin kofin shayi. Ta bi da hasken ƙasa, ga ɗigo, ga wani, har zuwa ƙarƙashin kujera inda kofuna biyu ke ɓoye suna haske kamar idanun mage. Ta ɗaga hasken zuwa fuskar Bakari. Leɓunansa suka kama kamar an shafa masa jambaki.

"Ni gwiwa ce," in ji Bakari nan take. "Kurɓi ɗaya na yi. Wallahi rabi ma a hannun riga na tofar." Ya ɗaga hannun rigar, ita ma tana walƙiya.

"Papa, sauke jaridar."

"Ina tsakiyar wani sharhi ne."

"A duhu, Malam?" in ji Hawa'u.

A hankali jaridar ta sauko. Hular ta fito, goshin ya fito, idanun suka fito suna ƙifce-ƙifce. Sannan gashin bakin ya fito, daga wannan gefe zuwa wancan, kowane sili na ci kamar garwashin mai suya. A cikin duhun nan ba a ganin komai na Mesiye Zakari sai shi, yana shawagi shi kaɗai, ya ɗan motsa sama da ƙasa saboda mai shi na neman abin faɗa.

Hawa'u ta fara da toshe baki da gefen mayafi. Abin ya fi ƙarfinta, ta sulale jikin ƙofa ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye. Bakari ya leƙo ya gani, ya ce, "La ilaha illallahu," ya tuna wai yana da motar albasa da za ta iso, ya fita cikin ruwan da ya fara sauka, ba ko ɗingishi.

Raudatu ta kunna fitila. Mahaifinta ya gyara zama ya shiga Faransanci, irin na wasiƙun ofis, ya ce a matsayinsa na shugaban gida yana da haƙƙin sanin abin da ke cikin firigo, kuma gwaji ne ya yi don taimakon kimiyya.

"Aikina na watanni ka shanye, Papa. Da ƙananan ka taɓa, da yanzu wata maganar ake yi." Ta matso gabansa. "Me ya sa?"

Faransancin ya ƙare masa. Ya dubi 'yarsa, ya dubi ƙasa. Wannan ba maganar da uba ke yi gaban 'yarsa ba ce.

"Ba mu wuri," ya ce.

Ta fita, amma ba ta wuce bayan labulen ƙofa ba, kuma duk su ukun sun san haka. Ya faɗa wa Hawa'u a gutsure, yana kewaye-kewaye, yana kiran abin da "harkar ruwa". Ya ambaci Idirisu. Hawa'u ta share hawayen dariyar, ta matso ta zauna kusa da shi.

"Malam, ɗaki ɗaya muke kwana. Ƙofar banɗakin nan tana ƙara. Ka ɗauka ban sani ba?"

"To me ya hana ki magana?"

"Na yi. Sau nawa nake ce maka mu je lopital likita ya duba ka, ka ce kai ba ka da lokaci? Mutum ya yi ritaya, ba shi da lokaci."

Daga bayan labule Raudatu ta yi magana, tana jan hanci. Ta ce sinadarin nan ɗan'uwan naman kifi ne, da zarar ya faɗa ciki tsamin ciki zai narkar da shi kamar kowane abinci, ba zai kai inda yake so ya kai ba. Ta ce ko ita da ke aikin ba ta sani ba tukuna ko zai taɓa zama magani. Abin da ta sani shi ne irin ciwon da yake tsoro, in ma shi ne, ana maganinsa idan aka gan shi da wuri.

"Amma na ji sauƙi," in ji shi, a raunane.

"Jiya sau nawa ƙofar ta yi ƙara?" in ji Hawa'u.



Ranar zuwa asibiti ya ce shi ba zai je gaban likita da babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure ba. Ya sa aka fito da tsohuwar kwat ɗinsa, wadda maɓallinta ya ƙi haɗuwa da ƙofarsa, ya ɗaura kiravat. A can ya kafa sharaɗi: likita namiji, kuma mai furfura. Aka yi sa'a akwai. Matan biyu suka zauna a benci a waje. Da ya fito bai dubi kowa ba, ya wuce su da taku irin na wanda aka ci wa mutunci a hukumance. Sai a cikin taksi ya buɗe baki.

"Ba wanda ya faɗa mini haka ake duba abin."

Hawa'u ta juya tana kallon taga, kafaɗunta na rawa.

An ɗebi jini, aka yi hoto, aka ce su dawo. Kwanakin jiran nan ba a yi wasa a gidan ba. Jaridar ma sayenta yake ya ajiye a naɗe. Raudatu ta riƙa dawowa da wuri ta zauna kusa da shi suna kallon ruwa na zuba a bokitan falo.

Da suka koma, likitan ya ce ba kansa ba ce. Wani ƙulli ne da ke ƙarƙashin mafitsara ya girma, abin da ke samun maza da yawa idan shekaru suka ja. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce a riƙa zuwa ana dubawa ba fashi. Ya ƙara da cewa sukarin jininsa ya fara hawa, a rage zaƙi. Sannan ya tambaya ko yana shan wani abu a gida. Mesiye Zakari ya ce a'a. Hawa'u ta ce e. Raudatu ta yi bayani. Likitan ya cire tabarau ya goge ido, ya ce ya ga masu shan saiwa, ya ga masu shan kanwa, amma yau ya fara ganin wanda ya sha digirin 'yarsa.

Farfesar ta ƙara wa Raudatu lokaci, da sharaɗin ta sake tattaro ciyawa ta fara daga tushe. Mesiye Zakari ya ce shi ya ɓata, shi zai gyara, za shi Kribi. Raudatu ta ce ba sai ya je ba. Ya ce bai tambaye ta ba. Hawa'u ta ce ita ma za ta, don ba za ta bar shi da teku guda ba mai sa ido.

Suka isa da hantsi ruwa ya janye. Raudatu ta naɗe ƙafar wando ta hau duwatsu da 'yar wuƙa. Aikin da ta ba mahaifinta shi ne riƙe lema a kan bokiti don kada rana ta taɓa abin da ta tsinko. Ya riƙe ta da hannu biyu, shi a rana, bokiti a inuwa. Da ta kawo damin farko ya sunkuya ya duba. Wata 'yar ciyawa ce mai santsi, ja-ja baƙi-baƙi, da yashi da ƙananan dodon koɗi a jiki.

"Wannan ce?"

"Ita ce."

"Na ɗauka za ta fi haka kwarjini." Ya taɓa ta da yatsa. "Yaushe za ta zama magani?"

"Ban sani ba, Papa. Daga faranti sai ɓera, daga ɓera sai mutane kaɗan, sannan mutane da yawa. Yawancin abubuwa a hanya suke faɗuwa. Wataƙila ni iyakata in ce ga abin da na gani, wani ya ɗora."

Ya dubi ruwa. "Idirisu da ya so wannan hira," ya ce. "Shi ma mutum ne mai son tambaya. Asibiti kawai ya ƙi tambaya."

Ta koma kan duwatsu. Shi kuma ya ga wani jan dami a wani dutse can gaba, ya fi duk wanda ta kawo girma, ya ga bai kamata a bar shi ba. Ya miƙa wa Hawa'u lemar, ya tattare riga, ya taka. Hawa'u ta ce ya dawo. Ya ce shi da ya yi aiki a bakin ruwa tun tana 'yar makaranta. Ya kai, ya tsinko, ya ɗaga sama yana nuna musu. Igiyar ruwan da ta zo ba wata babba ba ce, amma ta same shi a ƙafa ɗaya. Ta zaunar da shi a kan dutsen, ta wanke shi har wuya, ta koma da takalminsa na hagu. Damin dai bai saki ba.

Raudatu ta kamo shi suka fito, ta karɓi abin ta juya shi a hannu.

"Papa, wannan igiyar kwale-kwale ce."

Suka shanya shi a kan benci wurin wata mai gasa kifi, suka ci kifi da rogo har rigar ta sha iska. Takalmin bai dawo ba. Hawa'u ta laluba jakarta ta fito da silifas ɗin da take alwala da su, ruwan hoda, da furen roba a sama, ta ajiye masa guda a gaban ƙafa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zura, diddigensa a waje, ya ɗauki kular ciyawar ya rungume, ya ce ba mai riƙe ta sai shi.

Haka suka nufi tashar mota, ƙafa ɗaya na ƙwas, ɗaya na fyat, mutane na juyowa.

"Ku yi sauri," ya ce, bai waiwayo ba. "Ƙanƙarar na narkewa."